Babana, karanta labarin Janar Sudirman kafin ka sake yin waccan maganar

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya daji, ya sanyin bana. Mu nan kowa lafiya lau sai godiyar Allah. Na so in kira ka mu yi maganar nan a waya amma ka san halin sabis ɗin wajenku, ana gama sallama yake ɗaukewa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ka karanta a nutse duk sanda ka samu sarari.

Ummanka ta faɗa min hirar da kuka yi, wai ranka a ɓace yake tun da aka ba ku oda ku dakata saboda na sama suna zaman sulhu, alhali ba a daɗe da binne abokan aikinku ba, kuma wai a cikinku har akwai masu cewa farar hula ba su san komai ba gara soja su karɓa kowa ya huta. Ɓacin ran kam ban ga laifinka ba, duk wanda ya ɗauki gawar abokinsa da hannunsa dole zuciyarsa ta yi zafi. Maganar ta biyun ce ba ta yi min daɗi ba. Toh ka san tsohon malamin tarihi ba ya iya nasiha sai da labari, don haka ka yi haƙuri da ni.

Sudirman mutumin Indunusiya ne, ƙasar alhazan nan da ake gani a Makka sun jeru cikin tsari ba hayaniya. An haife shi 24 ga Janairu 1916 a Purbalingga da ke tsakiyar tsibirin Jawa, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Holan. Iyayensa talakawa ne, mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa ne ya riƙe shi a garin Cilacap. Ya tashi cikin ƙungiyar Muhammadiyah, ya yi sikawut ɗinsu da ake kira Hizbul Wathan, a 1936 ya fara koyarwa a firamarensu har ya zama hedimasta. Wato abokin sana'ata ne, alli da allo ya sani. Sai da Jafanawa suka mamaye ƙasar a 1942 suka kafa wata rundunar 'yan ƙasa mai suna PETA sannan ya shiga a 1944, aka yi masa ɗan gajeren horo a Bogor aka ba shi bataliya a Kroya. Iyakar karatunsa na soja ke nan, kai da ka yi shekaru a makarantar hafsoshi ka fi shi takarda nesa ba kusa ba.

Da Jafan ta sha kashi, Sukarno da Hatta, waɗanda suka zama shugaban ƙasa da mataimakinsa, suka shelanta 'yancin kai ranar 17 ga Agusta 1945, Holan kuma ta ce ba ta san zancen ba ƙasarta ce za ta dawo. Sudirman ya lallaɓa kwamandojin Jafan na yankin Banyumas suka miƙa masa makamansu ba tare da an yi ɓarin jini ba, sai ga rundunarsa ta zama cikin waɗanda suka fi kowa bindigogi. Ranar 12 ga Nuwamba 1945 kwamandoji suka taru a Yogyakarta don zaɓen babban kwamandan sojan ƙasa, eh zaɓe da ƙuri'a, ya samu 22, Oerip Soemohardjo ya samu 21. Shi Oerip ɗin nan ya girme shi da shekara 23, tsohon manjo ne a rundunar mulkin mallaka ta Holan, shi ne ma ya tsara rundunar tun farko, amma ga yaro ɗan shekara 29 ya hau kansa da ƙuri'a ɗaya. Bai yi fushi ya tafi gida ba, ya zauna a matsayin shugaban ma'aikatan soja yana tsara abin da yaron bai iya ba, shi kuma Sudirman bai taɓa nuna masa ai ni ne oga ba. Ka tuna da wannan duk sanda wani tsohon saje da ya kusa haifarka ya buga maka sarawa, ya san abubuwan da ba a koya muku a aji ba.

Ni dai wannan zaɓen da sojoji suka yi wa kansu bai taɓa kwanta min ba, domin rundunar da ta naɗa shugabanta da kanta sannan ta kai wa gwamnati ta sa hannu, gobe za ta ce ita ta haifi ƙasar ba ƙasar ce ta haife ta ba. Sukarno ma sai da ya ja ƙafa fiye da wata guda. A tsakanin ne aka yi yaƙin Ambarawa, inda Sudirman ya yi wa sojojin Ingila da suka shigo ƙasar bayan faɗuwar Jafan ƙawanya daga 12 zuwa 15 ga Disamba, da yaransa da yawa ba su da komai sai mashin gora da takubban Jafanawa, har suka janye zuwa Semarang. Kwana uku bayan nan aka tabbatar masa da muƙamin.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Mutumin nan bai yarda da zaman sulhu da Holan ba, kuma bai ɓoye ba. An yi yarjejeniyar Linggadjati a ƙarshen 1946, Holan ta karya ta ta kawo hari ranar 21 ga Yuli 1947. Aka sake zama a kan wani jirgin ruwan Amurka mai suna Renville a Janairun 1948, 'yan siyasa suka sa hannu a takardar da ta ce duk sojan Indunusiya da ke bayan layin Holan ya fito, wato wuraren da aka riƙe da jini a bar su haka nan. Sama da soja 35,000 aka kwaso daga yammacin Jawa, su da kansu hijira suka kira tafiyar. Wa ya ba da odar kwaso su? Sudirman, wanda ya fi kowa ƙin takardar. Kaga irin abin da ke ci maka rai yanzu shi ya haɗiye wanda ya ninka shi, ga sojoji a hannunsa, ga farin jini, gwamnatin kuma ko albashin kirki ba ta iya biya.

Ana cikin haka tarin fuka ya kama shi, a Nuwamban 1948 likitoci suka dakatar da huhunsa na dama ya koma numfashi da ɗaya, a watan ne kuma Oerip ya rasu. Ranar 19 ga Disamba 1948 da asuba Holan ta sauke sojojin laima a filin jirgin Maguwo ta nufi Yogyakarta, wadda ita ce babban birni a lokacin. Sudirman ya taso daga gadon jinya ya je fada ya ce wa Sukarno su fita daji tare a ci gaba da yaƙi. Sukarno ya ƙi, shi da Hatta da ministoci suka yanke shawarar zama a kama su duniya ta gani, suka ba Sjafruddin Prawiranegara izinin kafa gwamnatin gaggawa a Sumatara, har ma Sukarno ya roƙe shi ya zauna a gari a yi masa magani. Ya ƙi shi ma. Ya fita da 'yan tsirarun sojoji da likitansa.

Kusan wata bakwai ya yi a daji da duwatsu, ba ya iya doguwar tafiya sai dai a ɗora shi a kujera da aka ɗaura wa gora a ɗauka a kafaɗa kamar makara, ruwan sama na dukansu, magani ya yanke, abinci sai abin da mutanen ƙauye suka kawo, jiragen Holan na nemansa, yana canja suna yana canja masauki har ya samu ya zauna a wani ƙauye da ake kira Sobo kusa da dutsen Lawu, daga nan yake aika 'yan saƙo da ƙafa zuwa ga kwamandojinsa. Holan ta gaya wa duniya cewa jamhuriyar ta mutu sojanta sun watse. Ranar 1 ga Maris 1949 sojojin suka faɗa Yogyakarta da safe suka riƙe garin awa shida suka fice, da haɗin bakin Sarkin garin mai suna Hamengkubuwono na 9, labari ya fita ta rediyo har ƙasashen waje, ƙaryar Holan ta ƙare.

Sojojin da ke daji a lokacin sun raina 'yan siyasa ƙwarai, suna cewa mu muna cin rogo a daji su sun ɗaga hannu an kama su suna shan shayi a tsare. Irin maganar barikinku ce sak. Amma ni da na karanta abin daga nesa ina ganin kamun nan da aka yi wa Sukarno ya yi aikin da bindiga ba za ta yi ba, domin shi ya tayar da duniya, Nehru Firayim Ministan Indiya ya tara ƙasashe a Delhi a Janairun 1949, ranar 28 ga watan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a saki shugabannin, Amurka kuma ta nuna za ta taɓa kuɗin tallafin da Holan ke farfaɗowa da shi bayan yaƙin duniya. Da babu masu daji ba wanda zai saurari masu tebur, wannan gaskiya ne, amma masu dajin ma ba su da ƙarfin korar Holan su kaɗai, ko da kuwa ba sa son a faɗa.

Da aka yi yarjejeniyar Roem da Van Roijen, wakilan Indunusiya da Holan, ranar 7 ga Mayu 1949 Sudirman bai so ba. Sukarno ya dawo Yogyakarta 6 ga Yuli, shi sai da aka yi ta aika masa wasiƙu sannan ya shigo ranar 10 ga wata, akwai hotonsu ka nema a intanet, Sukarno ya rungume shi, shi kuma ya rame ƙashi da fata cikin wata ƙatuwar kwat. A farkon Agusta aka ce a tsagaita wuta, ya je gaban shugaban ƙasa ya faɗi duk abin da ke ransa, ya ce shi zai ajiye aiki, har ya ɗora wa kwan-gaba-kwan-bayan gwamnati laifin ciwonsa da mutuwar Oerip. Sukarno ya ce in ka ajiye ni ma na ajiye. Mutumin nan ya koma ya yi tunani ya ga in suka rabu a wannan gaɓar Holan ce za ta ci riba, ya janye, ranar 11 ga Agusta wuta ta tsaya a Jawa da odarsa. Lura da kyau Babana, makamin da ya ɗauko a ranar da ya fi kowace rana fushi shi ne takardar murabus, a gaban mai gidansa, ido da ido. Da a ranar ya ce a kewaye fadar nan ba na jin akwai bataliyar da za ta ƙi, kuma bai ce ba.

Holan ta miƙa mulki 27 ga Disamba 1949. Wata ɗaya da kwana biyu bayan nan, 29 ga Janairu 1950, ya rasu a Magelang yana da shekara 34, aka binne shi a maƙabartar Semaki a Yogyakarta kusa da Oerip. Yau da wuya ka shiga babban gari a ƙasar ba ka ga titi mai sunansa ba.

Shi kuwa laftana kanar ɗin da ya jagoranci harin 1 ga Maris sunansa Suharto. Shi ne daga baya ya ture Sukarno bayan rikicin 1965 da aka kashe dubban ɗaruruwan mutane, ya zauna a kujerar har 1998, kuma hujjar da sojojinsa suka riƙa kafawa ita ce wancan zaman dajin, wai ranar da farar hula suka miƙa wuya soja ne ya riƙe ƙasa don haka soja na da haƙƙi a mulki. Da hoton Sudirman suka yi ta tallar wannan magana, mutumin da ya samu damar ya ƙi. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, waɗanda suka fito daren 15 ga Janairu 1966 su ma gyara suka ce za su yi, aka wayi gari ba Sardauna ba Tafawa Balewa, shekara ɗaya da rabi bayan nan muna cikin yaƙin basasa, kuma yawancin samarin da suka fara abin ba su ga ƙarshensa ba.

Don haka in kana ganin odar da aka ba ku kuskure ce, kuma mai yiwuwa kuskuren ce don ba kowane sulhu ne na Allah da Annabi ba, ka rubuta wa kwamandanka ta hanyar da dokar aikinku ta tanada, ka faɗi abin da idonka ya gani a fili da sunanka a ƙasa, in ya kira ka ka maimaita a gabansa ba tare da rawar murya ba. In abin ya kai inda imaninka ba zai ɗauka ba, gidan ubanka na nan kuma gonar tana nan. Amma zaman da ake irin waccan hirar ka tashi daga wurin, ko da wasa ake yi, kuma don Allah kar ka rubuta ko ka tura wa kowa irinta a WhatsApp, ko ni, domin ranar da abu ya ɓaci wayar ce za ta fara ba da shaida kuma ba a tambayar wa ya faɗa wa ya yi dariya kawai.

Sai maganar taba. Ƙaninka ya ce ya ga kwali a jakarka da ka zo hutu, ban gaya wa Ummanka ba. Shi Sudirman mashayin taba ne na gaske kuma ka ji yadda huhunsa ya ƙare, wannan kam kar ka yi koyi da shi. Ka riƙe sallah a kan lokaci ko a bakin aiki ne, ka duba yaranka sun ci kafin ka ci, iyalan waɗanda suka rasu kuma in kana da lambarsu ka kira ka yi musu gaisuwa da bakinka, kar ka bar wa ofis.

Ummanka ta ba direban da zai zo wajenku ranar Laraba dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta ce rabi naka rabi na yaranka, in ya iso ka sanar da ita. Allah ya tsare, ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.