Wasiƙar Godiya Ga Mai Shagon Talabijin Na Titin Beirut Da Yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago baki ɗaya. Ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a? Allah ya sa mu dace.

Na so in tako da ƙafata in yi wannan godiya, kuma zan zo in sha Allahu. Amma na ga idan a shago na faɗa, daga ni sai kai sai masu jiran canji ne za su ji. Abin da ka yi mini kuwa ya kamata mutanen Kano su ji shi, musamman iyaye irina da ke haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki cikin wannan tsadar rayuwa. Ban ambaci sunanka ko na shagon ba saboda ban nemi izininka ba, kuma na lura kai ba mai son a yi ta yayata shi ba ne. In ka karanta za ka gane kanka. Ni ne malamin makarantar nan mai ritaya da ya shigo maka wata Asabar a farkon Sha'aban, riƙe da takardar talabijin ɗin da zan saya wa 'yata amarya, an rubuta "inci 65".

Gwaggwannin amarya ne suka rubuta takardar. Duk wanda ya aurar da 'ya a garin nan ya san yadda maganar jere take: kowa so yake a shiga ɗakin 'yarsa a fito ana sa albarka. Ban ga laifinsu ba, ƙauna ce. Ni ma na tara abin da na tara, na zo da niyyar in biya in ɗauka in tafi, ga biki saura mako uku, ga azumi yana ƙaratowa.

Ka karɓi takardar ka duba, ka sa aka kawo mini kujera da ruwa, sannan ka ce, "Malam, ɗakin da za a kai ta, ka auna shi?" Na ce a'a. Ka ce, "Wace irin wuta ce a gidan? Kuma me za su riƙa kallo a ciki?" Nan ma ba ni da cikakkiyar amsa. Sai ka jawo aljihun teburinka ka miƙo mini tef ɗin awo, ka ce in je in auno maka abu biyu, faɗin bangon da za a kafe ta da tazarar da ke tsakanin kujera da bangon, in kuma tambayo ango zancen wutarsa. Ka ce, "Talabijin ba za ta gudu ba, Malam, tana nan." Alhaji, a ranar nan ka sallame ni da kuɗina a aljihu, alhali ka san daga ƙofarka zuwa ƙarshen layi shagunan kayan lantarki ne a jere, ga kuma Kasuwar Sabon Gari ba nisa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, shi ya sa na fara da shi.

Washegari na je gidan, ciki da falo ne a Ɗorayi. Bangon da ya dace, tsakanin taga da ƙofa, santimita 130 ne. Daga kujera zuwa bango mita biyu ne da 'yan kai. Da na kawo maka, sai ka fahimtar da ni cewa incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi a karkace, ba faɗi ba ne. Mai inci 65 faɗinta ya kusa santimita 145, ke nan da na saye ta da ta rufe gefen taga. Mai inci 43 kuwa faɗinta bai kai mita ɗaya ba, kuma a tazarar mita biyu ido zai ɗauki hoton gaba ɗaya ba sai an riƙa juya wuya ba.

Na shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san mai iya bayani idan na gan shi. Babban yaronka, wannan dogon mai natsuwa, ya kama hannuna ya kai ni dab da gilashin wata talabijin har na ga ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Ya ce duk rubuce-rubucen nan da ke jikin kwali, yawan waɗannan ɗigogi suke nufi. Wadda aka rubuta wa HD kawai, galibi tana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye. Full HD tana da 1920 da 1080, wato ɗigo miliyan biyu da ɗoriya. Ita kuwa 4K tana da 3840 da 2160, ninki huɗu ke nan na Full HD. Sai na ce to ai 4K ɗin ya kamata in ɗauka, tunda ta fi. Ya ce, "Baba, ta fi, amma sai an ba ta abin da za ta nuna." Ya yi mini bayanin cewa talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da dikoda ta aiko mata shi take bajewa. Tashoshin da yarinyar za ta fi kallo, irin su Arewa24 da ARTV da NTA da tashoshin karatu da wa'azi, ba da 4K suke zuwa ba. Idan hoto mai ƙarancin ɗigo ya hau ƙaton gilashi, sai a miƙe shi ya cika wurin, dishi-dishinsa ya ƙara fitowa. Wanda zai mori 4K sosai shi ne mai kallo ta intanet, wannan kuma data yake ci ba kaɗan ba. Ya ce kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa awa ɗaya ta 4K tana iya cin giga 7, ta HD kuma giga 3. Na yi lissafin sabon ango mai ƙaramin albashi, na ga amsar a fili take.

Daga nan ya yi abin da ya ƙarasa gamsar da ni, domin gani ya kori ji. Ya haɗa dikoda ɗaya da talabijin ta wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, wadda muka saba da ita tun zamanin bidiyo mai kaset. Na kalla. Ya zare ta ya sa wata waya mai kai ɗaya da ake kira HDMI, tasha ɗaya, shiri ɗaya. Rubutun da ke gudu a ƙasan allo, wanda da farko sai na matse ido, ya fito tar. Ya ce gidaje da yawa an sayi talabijin mai tsada amma an bar ta da tsohuwar waya, ana ta zargin talabijin ɗin. Na tuna gidan wani aminina da ke wannan kuka, kuma tuni na kai masa labari.

Da aka zo kan wayar HDMI ɗin, na nuna wata mai kauri mai bakin ruwan zinare a cikin kwali mai sheƙi. Kai da kanka ka ce in bar ta. Ka ce a tazarar mita ɗaya ko biyu, waya mai lafiya ta matsakaicin kuɗi hoton da za ta bayar daidai yake da na mai tsadar, abin dubawa kawai kada bakinta ya yi sako-sako. Ka kuma nuna mini ramukan da ke bayan talabijin, ka ce in ƙirga na HDMI, kada su gaza biyu, kuma wanda aka rubuta wa ARC a gefensa shi ne na lasifika in sun so ƙara sauti nan gaba, tunda siraran talabijin na yanzu ba su da wurin sa manyan lasifikoki.

Zancen wuta shi ne wanda na fi ƙaruwa da shi, kuma a ganina duk mai saye a Kano nan ya kamata ya fi tsayawa. Angon yana da 'yar ƙaramar sola da inbata, wadda ke ɗaukar fanka da ƙwayaye. Ka juya mini bayan talabijin biyu ka nuna mini 'yar takardar da ke manne, inda ake rubuta wat nawa kowace ke ci. Na babbar ya kusa ninka na ƙaramar. Ka ce da ƙatuwar nan, batir zai ƙare kafin dare ya raba, a zafin bazara kuwa amarya za ta fi bukatar fanka. Sai na ce a haɗa mini da sitabilaiza. A nan ma ka tsayar da ni. Ka nuna mini a takardar an rubuta tana aiki daga bolt 100 zuwa 240, ka ce wannan samfurin yana jure raunin wuta da kansa. Abin da ya fi kashe su shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi farat ɗaya, ko wadda ake kawowa ana ɗaukewa a jere. Maganin wannan shi ne ɗan akwatin kariyar nan da kuke kira gad, wanda ke yanke wuta in ta wuce ƙima, in an dawo da ita kuma ya ɗan jinkirta sai ta daidaita kafin ya sake ta. Kuɗinsa bai kai rabin na sitabilaizar da na nuna ba. Sau uku ke nan a zama ɗaya kana rage wa kanka ciniki don ka gaya mini gaskiya.

Ba ka bari na fita da kwali a rufe ba. An buɗe a gabana, yaronka ya soka mata filash, ɗan abin nan da ake ajiye hotuna da bidiyo a ciki, allon ya zama fari fat, sannan baƙi, sannan ja, kore, shuɗi, muna duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko wurin da haske ya taru. Ka sa na karanta lambar da ke jikin kwali, da wadda ke bayan talabijin, da wadda ke fitowa a cikin saitinta, duka uku suka zo ɗaya. Ka ce masu jabu suna iya manna sunan babban kamfani a goshin kowace talabijin, amma haɗa waɗannan lambobi yana ba su wuya. Ka rubuta lambar a rasit, ka buga hatimi a katin garanti, ka ce a adana kwalin har garantin ya ƙare. Ka gaya mini abin da garanti ba ya ɗauka, fashewar gilashi da ƙonewa ta dalilin wuta ko tsawa, don kada a zo daga baya a ce ba a faɗa ba. Wannan ma amana ce.

Ranar jere yaranka biyu suka kawo ta a adaidaita sahu, a tsaye, ɗaya na riƙe da ita, saboda kwantar da ita a kan hanya mai gargada yana iya tsaga gilashin. Ina so in yaba musu ladabinsu a cikin mata. Gwaggon amarya ta so a kafe ta can sama kusa da silin don kowa ya hango. Ƙaramin ya rusuna ya ce, "Hajiya, don Allah ki ɗan zauna a kujerar nan ki duba inda idonki ya sauka." Ta zauna, ta nuna, a nan aka huda bango. Ba musu, ba ɗaga murya. Suka bar 'yar tazara a baya don iska, suka roƙi kada a lulluɓe ta da leshi tana kunne domin zafi na taruwa. Suka ce ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle mai laushi ake share ta, kada a fesa wa gilashin ruwa. Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa, a zare soket, a zare har wayar da ta taho daga farantin setilayit, don ta nan ma wuta kan shigo. Da suka gama suka share garin simintin da ya zuba a kan sabon kafet kafin su fita. Na miƙa musu na mota, sai da na matsa sannan suka karɓa.

Ana cikin azumi, ranar goma ga wata, yarinyar ta kira ni hankalinta a tashe, wai hoto ya ɗauke, allo ya yi shuɗi. Na kira lambar shago ina jin nauyi, ga yamma ta yi, kowa na haramar buɗa-baki. Ka ce kada in damu. Washegari da hantsi yaronka ya je. Ashe wata 'yar maƙwabta ce ta danna rimot ta sauya mashigar hoto daga HDMI zuwa wata. Bai karɓi ko kwabo ba, kuma bai tafi ba sai da ya koya mata yadda za ta mayar da kanta in hakan ta sake faruwa. A daren nan ta kira mahaifiyarta tana murna, tana kallon sallar tarawihi kai tsaye daga Makka.

Rarar kuɗin da ka bar mini a aljihu, da ita muka ƙara muka saya mata keken ɗinki, saboda dama ta iya ɗinki tun kafin aure. Ɗinkin sallar nan ta samu na yara har guda tara daga maƙwabta. Gwaggwannin da suka rubuta inci 65 su ne yanzu ke kai mata atamfofinsu, kuma babbarsu ta ce in gaishe ka, ta ce a ba ta kwatancen shagon saboda bikin autarta.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga asara da gobara da sharrin mazambata. Allah ya jiƙan magabatanka da suka yi maka wannan tarbiyya. Yaran nan da kake koya wa sana'a, Allah ya nuna maka ranar da kowannensu zai buɗe nasa shagon, ya riƙe mutane yadda ya ga kana riƙe su.

Tef ɗin awonka har yanzu yana wurina. Ka ce in riƙe sai an gama jere, hidima ta sa ban mayar ba. Na yi amfani da shi na auna falon gidana, domin tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙusumbi ta fara ja da baya, mai ɗakina kuma idonta ba kamar da ba. Bangon santimita 120 ne, daga kujerarta zuwa wurin mita biyu da rabi. In kuɗin fansho ya shigo zan taho da awon da tef ɗin gaba ɗaya, ranar Asabar bayan azahar in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Gwale, Kano.