Zuwa Ga Ministan Lafiya: Ba A Dare Ɗaya Kansa Ke Tashi Ba

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Duk sanda gwamnati ta tashi maganar cutar kansa, na'urar gasa ƙari da sabbin gine-gine muke ji. Ana buƙatarsu, babu musu. Amma wanda ya isa gaban na'urar, aikin gama ya kusa gamawa. Roƙona a waiwayi shekarun da ke gaban wannan ranar.

A 1941, Isaac Berenblum na Jami'ar Oxford ya lura cewa man wani tsiro mai suna kuroton yana hanzarta fitowar ƙari a fatar ɓera. A 1947 shi da Philippe Shubik suka warware abin. Idan aka shafa wa ɓera ɗan sinadarin da ke lalata DNA, wato kundin gado da ke cikin ƙwayar halitta, sau ɗaya tak, ba a ganin komai. Idan aka yi ta shafa masa man kuroton shi kaɗai, nan ma kusan shiru. Amma in aka fara da sinadarin, sannan aka bi da man mako bayan mako, sai ƙari ya cika bayan ɓeran, ko da an bar watanni tsakanin biyun. Kamar binne ne: iri na kwance cikin busasshiyar ƙasa, jiran ruwa kawai yake.

Shi man, mai zuga ƙarin, ba ya taɓa DNA. A 1982 su Yasutomi Nishizuka a Japan suka gano cewa sinadarin man, wato fobol, yana kunna wani furotin da ke ba ƙwayar halitta umarnin rabuwa. Saƙon da jiki ke aikawa da kansa yakan mutu nan da nan, amma fobol maƙalewa yake, ya bar makunnin a kunne. Sai kumburi ya biyo baya, ƙofofin da ƙwayoyi ke gaisawa da maƙwabtansu su toshe, lalatacciyar ta daina jin kwaɓa, ta yi ta hayayyafa. Abin da ya fi damuna a lura da shi: in aka daina shafawar da wuri, ƙari da yawa kan koma. Ke nan akwai lokacin da hukuma za ta iya sa baki da kuɗi kaɗan.

Ranka ya daɗe, ba sai an je Oxford ba. Bini-da-zugu da muke shinge da shi, 'ya'yansa na ɗauke da dangin fobol, kuma an nuna suna zuga ƙari a fatar ɓeraye. Mutane na cin 'ya'yan don wankin ciki. Ya kamata NAFDAC ta riƙa gwada jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a tasha da kasuwa, ta gaya wa jama'a abin da ke cikin jarkar. Ga gamalin, wanda aka daɗe ana zubawa a tafki don kashe kifi. Sinadarinsa, lindan, Yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu guba ta sa shi cikin jerin haramtattu a 2009, hukumar binciken kansa ta duniya da ke Faransa kuma ta tabbatar a 2015 cewa yana jawo kansa ga ɗan Adam. Hayaƙi ma haka. Binciken su Charles Swanton a Landan, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa ƙurar hayaƙi mai laushi na farkar da lalatattun ƙwayoyin huhu ta hanyar kumburi. Uwar da ke hura icce safe da yamma a rufaffen madafi, da telan da janareta ke ruri a ƙofar shagonsa, suna cikin lissafin.

Hanta ce ta fi ba ni tsoro. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna na ɗauke da gubar afilatoksin, mai lalata DNA kai tsaye. In ta tarar da ciwon hanta nau'in B, wanda ke sa hanta cikin kumburi shekara da shekaru, haɗarin kansar hanta ya ninka sau da yawa. Rigakafin ciwon hantar na cikin jadawalin allurar yaranmu tun 2004, kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. A Arewa, inda mafi yawan mata ke haihuwa a gida, wa zai kai ta ɗakin mai jego? Ma'aikatarka ta haɗa ungozomomi da ma'aikatan lafiya na unguwa kan wannan, ta kuma zauna da ma'aikatar noma don Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona don rage gubar, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ya isa hannun manomin gyaɗa kafin damina.

Muna kuma son a ware wa rigakafi nasa layin a kasafin cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, a bayyana adadin, domin mu iya bibiya.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin kimiyya daga Zariya