A Jawo Tsofaffin Injiniyoyi Su Rubuta wa Matasa

Malam Edita,

Na karanta rahotonku kan injiniyan da ya yi ritaya ya koma rubuta wa matasa littattafan kimiyya. Irinsa muke nema.

Jikana ɗan sakandare ya haddace dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki tsaf, amma ranar da fis ɗin gidanmu ya ƙone, na tambaye shi dalili, sai ya yi zuru. Littafinsa ya ba shi lissafi, bai nuna masa siririyar wayar da ke zafi har ta narke ba. Wanda ya tsufa a tashar lantarki ta Kainji ko Shiroro kuwa, wannan bayani a bakinsa yake.

Ina roƙon Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya da hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu su haɗa waɗannan dattawa da malaman aji, a buga ƙananan littattafai masu araha, har da na Hausa.

Naku,
Tsohon malami, Zariya