Godiya ga shagon intanet da buga takardu na hanyar jami'a, Maraɗi

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka.

Na gabatar da littafina na mastar a kimiyyar sinadarai, malamai sun karɓa. Ya kamata mutanen Maraɗi su san akwai hannunku a ciki.

Ka sha tambayata, "Ɗiyata, waɗannan zane-zane masu tsini na mene ne?" Yau ga amsa. Idan za a mai da man gyaɗa ya daskare ya zama margarin, iskar haidurojin ake sa masa, amma ba ta shiga sai da ɗan garin ƙarfen nikel. A wasu masana'antun kuwa, maimakon nikel, ƙarfen fulatinam ake barbaɗawa kan gawayi, don tsada gare shi. Haidurojin na fara manne wa ƙarfen, ta rabe gida biyu, sannan ta yi aiki. To a ina take zama? Bisa kan ƙwayar ƙarfe guda, ko a gurbin da ke tsakanin uku? Ko kuwa tana zamewa ta koma kan gawayin? Tambayar littafina ke nan.

Ganinta ne wuya. Hasken da ake hoton ƙashi da shi da kyar yake ganinta, hasken fitila kuma baƙin gawayi shanye shi yake. Nutron, wani ɗan mitsitsin abu da ido ba ya gani, wanda masanin kimiyya Chadwick ya gano a 1932, shi ne gwaninta: yana ratsa ƙarfe da gawayi ya wuce, amma da ya ci karo da haidurojin sai ya karkace, ya bar mata wani ƙarfinsa. Daga abin da ya rasa ake gane yadda take rawa a mazauninta, shi ne tsinin da kake gani a zane-zanen. Irin wannan awo sai a cibiyoyi kamar ILL ta Grenoble a Faransa, mai aiki da uraniyam irin wanda ake haƙa a Arlit, ko cibiyar bincike ta Ingila da ake kira ISIS. Ni ko Yamai sau biyu na taɓa zuwa.

Don haka Grenoble ɗina shagonka ce. Abin da masana suka auna, a kwamfutarka na sauko da shi. Ba na manta ranar da tawada ta yi rauni, ƙananan tsinin suka ɓace, alhali su ne shaidar haidurojin da ke kan fulatinam. Yaronka bai ce "ai ana iya karantawa" ba. Ya canza tawada, ya sake bugawa, ka hana a karɓi ko dala. Da kuran ya ɗauke cikin zafin Afrilu, ka tada inji saboda ni kaɗai, har bayan isha'i, kuma ka ƙi rufewa sai da yayana ya zo ɗaukata.

Bashin da na ci lokacin da kuɗin karatu suka yi jinkiri, ba ka taɓa tuna mini shi a gaban mutane ba.

Ranar Juma'a in sha Allah zan kawo maka kwafi guda. Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a.

Ɗiyarka,
wata ɗaliba, Maraɗi