Zuwa ga ɗana, kan alkawari da hadaya

Ɗana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Na ga tambayarka game da yawan yanka da jini a cikin Tsohon Alkawari, da abin da za ka faɗa wa matasan da aka ba ka ka koyar. Shawarata ita ce kada ka fara musu da jerin hadayun Littafin Firistoci, domin za su gaji tun ba ka kai ga ma'ana ba. Ka fara da alkawari, gama shi ne uwa, hadaya kuwa shaida ce cewa an ɗaure magana.

A Farawa sura 15, Allah ya umarci Ibrahim, wanda a lokacin ake kira Abram, ya kawo karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara 3, tare da kurciya da ɗan tantabara. Ya tsaga dabbobin gida biyu, ya jera kowane ɓari daura da ɗan'uwansa, amma bai tsaga tsuntsayen ba. Al'adar wancan zamani ita ce mai ɗaukar alkawari ya ratsa ta tsakanin naman, wato ya yarda abin da ya sami dabbar ya same shi in ya saɓa. Ibrahim ya yi ta korar tsuntsaye masu cin nama da ke sauka a kan yankan, har barci mai nauyi ya kwashe shi, da duhu ya yi kuwa sai tanderu mai hayaƙi da harshen wuta suka ratsa ta tsakani. Ka lura cewa ba a ce Ibrahim ya ratsa ba. Allah ne da kansa ya ɗora wa kansa nauyin.

A gindin Dutsen Sina'i, cikin Fitowa sura 24, an jawo jama'a ma ciki. Musa ya watsa rabin jinin bijimai a kan bagade, ya karanta musu littafin alkawari, kuma sai da suka amsa da bakinsu cewa za su yi biyayya sannan ya yayyafa musu jinin.

Inda nake so ka daɗe shi ne Irmiya sura 34, wurin da masu wa'azi ba su cika taɓawa ba. Sa'ad da rundunar Nebukadnezzar, sarkin Babila, ta kewaye Urushalima, Sarki Zadakiya da manyan gari suka yi alkawari a Haikali cewa kowa zai 'yanta bayinsa Ibraniyawa, abin da doka ta riga ta wajabta bayan bautar shekara 6 amma suka daɗe da yin watsi da shi. Suka tsaga maraƙi, suka ratsa ta tsakani, suka saki bayin. Da Babilawa suka ɗan ja da baya, sai suka bi mutanen nan suka sake kama su. Babu abin da ya ragu a tsarin yankan, amma annabi ya shaida musu cewa za su zama kamar maraƙin da suka tsaga, birnin kuwa ya faɗi wajajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A ganina irin wannan hali ne, tun kafin zamanin Irmiya, ya sa Yusha'u da Mika da Ishaya suka yi wa masu hadaya kakkausar magana. Ba bagade suka tsana ba, sun ƙi mutumin da ke neman rufe bakin Allah da nama alhali haƙƙin wani yana hannunsa.

Shari'ar ma ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. A farkon sura 6 ta Littafin Firistoci, wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya musanta tsintuwa da rantsuwar ƙarya, sai ya mayar wa mai abu abinsa cif, ya ƙara kashi 1 cikin 5, sannan ya kai rago marar aibi wurin firist. Da kuɗinmu na yau, wanda ya danne naira 100,000 zai biya 120,000, ragon kuma daban.

Na kawo wannan ne domin mahaifiyarka ta gaya mini an naɗa ka ma'ajin ƙungiyar matasa. Ka sayi littafi na musamman, ka rubuta kowace naira a gaban wanda ya kawo ta, kada kuma ka ranci ko sisi daga ciki da niyyar mayarwa a ƙarshen wata, ko da kuɗin makaranta ne ya matsa maka. In ka shiga matsi, ni za ka faɗa wa.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka aiko mini da darasin in duba kafin ka koyar.

Ni ne,
Mahaifinka