Yawan ruwa da ƙuda ne ke rage wa mangwaron gida albarka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da masu bishiyar mangwaro a tsakar gida ko a lambun bayan gida, waɗanda kowace shekara suke ganin fure ya lulluɓe bishiya da hunturu, amma idan bazara ta zo abin da suke tsinka ba ya cika kwando biyu. Yawancinmu rashin taki muke zargi, alhali a ganina matsalar ta fi yawa wajen ban ruwa da kuma ƙuda.

Mangwaro yana bukatar ya ji ƙishi kafin ya yi fure. Idan damina ta ɗauke wajen watan Oktoba, ya kamata a bar babbar bishiya babu ruwa wata biyu zuwa uku, domin wannan ƙishin da sanyin hunturu su ne suke sa ta fitar da fure maimakon sabon ganye. Wadda ruwan wanke-wanke yake kwanciya a gindinta kullum, sai ka gan ta kore shar, gwanin sha'awa, amma babu 'ya'ya. Ni kaina na yi shekaru a cikin wannan kuskure kafin na karkatar da magudanar gidana. Lokacin da ban ruwa yake da amfani shi ne bayan 'ya'yan sun ƙulla, domin a nan ne ƙishi yake sa su zube tun suna ƙanana.

Ƙudan da ya fi ɓata mangwaro kuwa baƙo ne daga nahiyar Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a shekarar 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Macen tana huda bawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta cinye cikin, mangwaron ya faɗo, sannan tsutsar ta shige ƙasa ta fito a matsayin sabon ƙuda. Ke nan duk ruɓaɓɓen mangwaron da aka bari a ƙasa kiwon ƙuda ake yi da shi. A riƙa tsince shi kullum, a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana na wasu kwanaki, ko a binne shi a ramin da zurfinsa ya kai rabin mita. Sai dai ƙuda bai san katanga ba, don haka aikin ba zai yi tasiri sosai ba sai maƙwabta sun haɗa kai. Fesa maganin ƙwari lokacin fure kuma asara ce, tunda yana kashe zuma da sauran ƙwarin da suke yi wa furen barbara.

Bayan an gama tsinka, a rage rassan da suka cunkushe domin iska da rana su ratsa, a kuma zuba takin gida a gefen da inuwar bishiyar ta ƙare, ba a jikin kututture ba. Mai son sabon dashe ya nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan wani dashen, wanda yake fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kuma ina fata wakilinku zai kai mata ziyara ya kawo mana bayanin irin da ya fi dacewa da ƙasarmu.

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya