Amsa ga Baba mai kifi na Ijora: abin da ya hana fengwin zuwa ci-rani Legas

Baba, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kasuwa na albarka.

Ranar Asabar a taron iyayen yara ka miƙe gaban jama'a ka ce jikarka ta ga fengwin a talabijin, an ce mata tsuntsu ne mai ƙaura. Ka tambaye ni, ni da nake koyar da labarin ƙasa, me ya sa shekara arba'in kana kusa da teku a Legas ba ka taɓa ganin ko gawarsa ba, alhali shamuwa ba ta saɓa wa damina alkawari. Aka yi dariya, na yi ta in-ina har kiran salla ya cece ni. Ga amsar da na kasa bayarwa a tsaye.

Shamuwa ba ruwan sama take so don kansa ba, fara da tsutsar da damina ke fitarwa take bi. Fengwin ma cikinsa yake bi, sai dai shi ba ya tashi, da fukafukansa yake iyo, kuma abincinsa yana inda ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ɗauke da taki. Takin ya ciyar da ƙananan halittu, su ciyar da kifi irin sardin, fengwin ya biyo baya. Bafulatani ne na cikin ruwa, ciyawa ce ke zaɓar masa hanya.

Tafiyar tasa kuwa ba wasa ba ce. Nau'in Adeli da ke ƙyanƙyasa a tsibirin Ross na Antaktika yakan yi kimanin kilomita 13,000 a shekara, kamar ka je Kano ka dawo sau shida. Idan hunturu ya shigo rana ta daina fitowa a can, sai ya bi gefen ƙanƙara zuwa arewa inda akwai ɗan haske, don da ido yake farauta. Na Ajantina kuma, masu taruwa a Punta Tombo daga Satumba, sukan bar gida wajen Afrilu su bi kifi har kudancin Brazil.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne babbansu, wanda ake wa laƙabi da sarkin sarakuna. Lokacin da kowa ke gudun sanyi, shi sannan yake hawa ƙanƙara ya taka tafiyar kilomita da yawa don ya hayayyafa. Macen ta yi ƙwai ɗaya tak, ta miƙa wa namijin, ta koma teku kiwo. Shi kuma ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya lulluɓe da fatar ciki, ya tsaya haka kwana 65 ko kusa da haka. Idan aka haɗa da zuwansa, wata huɗu ke nan bai sa komai a baki ba. Mu da la'asar ɗin azumi muke ta duban agogo.

To, batun Legas. Afirka tana da nata fengwin, a gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya, kukansa kamar na jaki. Igiyar ruwan sanyi ta Bengela ce ke riƙe da shi, ita kuwa tana ƙarewa ne wajen kudancin Angola, inda ruwan ɗumi ya tare ta. Tekunmu a yawancin shekara yana wajen digiri 28, ga tsuntsun da kitse da gashi kamar wanda ya sa bargo biyu. Kada dai ka ce nisa daga ƙanƙara ne dalili. A tsibiran Galafagos, yamma da Kudancin Amurka, akwai fengwin a kan layin da ya raba duniya biyu, sun ma fi Legas kusa da shi, amma igiyoyin sanyi na kai musu kifi har ƙofa.

Na Afirkan ma yana cikin wani hali. A 2024 an saka shi a jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilai akwai ƙarancin sardin da jiragen kamun kifi ke rububi da shi a kai. Wannan ɓangaren kai ka fi ni saninsa, Baba, tunda ka san yadda katon ɗin kifi yake tsada idan kifi ya yi wuya.

Asabar mai zuwa zan biyo ta shago da taswira in nuna wa jikar taka hanyar Bengela da yatsa. A ajiye mini titus biyu masu kyau, a kuma yi mini farashin gida.

Ɗanka, malamin labarin ƙasa, daga Agege.